Aikin farfaɗo da fako a gaba da Shika, daga bazara zuwa kaka

26 ga Afrilu

Filin yana gaba da Shika kaɗan, in ka kama hanyar Giwa ka ratse. Hekta biyu ne da 'yan kai, gadonmu ne ni da 'yan'uwana, kuma tun rasuwar mahaifinmu ba wanda ya sa masa garma. Yanzu fiye da rabinsa fako ne. Ƙasa ta daskare ta yi sulɓi, in ka zuba ruwan buta sai ya gangara bai shiga ba. A sauran wurin kuwa tafasa ce da kashin yawo. Baffa ya ce da ƙuruciyarsa gamba ce a nan har ta shanye tsayin mutum, daga nan ake yanko ta zana.

Mutanen ƙauye na cewa fari ne ya kashe wurin. Ni ban gamsu ba. An yi fari a 1973, an sake yi a 1983 da 1984, amma ruwan Zariya har gobe yana kai milimita 1,000 a yawancin shekaru, daga Mayu zuwa Oktoba, kuma wannan ya ishi gamba. Abin da nake zargi kiwo ne ba hutu. Ciyawa na leƙowa da ruwan farko baki na kanta, ta sake yunƙurowa a sake cinyewa, har abincin da ta ɓoye a saiwa ya ƙare ta mutu. Ƙasarmu ta wannan yanki kuma mai laushi ce, da ta zauna tsirara sai ɗigon ruwan sama ya daddaɓe samanta ya yi ɓawo, iri ya rasa inda zai kama.

Zan raba filin uku. Kashi na ɗaya shinge kawai, ba shuka ba taki, in ga abin da hutu kaɗai zai yi. Na biyu ramukan rabin wata da dashen gamba. Na uku shukar sitailo, wato ciyawar nan dangin wake. Gefen da ke wajen shinge zai zauna yadda yake don a sami abin gwadawa.

3 ga Mayu

Kafin a kafa dirka sai da na je wurin Mai unguwa, shi kuma ya aika aka kira Ardon rugar da ke arewa da filin. Shanunsa Bunaji ne, shekara da shekaru ta nan suke bi zuwa mashaya. Da na gama bayani ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce, "Malam, kowa ya zo sai ya ja waya. Gona ta cinye burtali, yanzu ɗan fakon da muke tsayawa ma za ka rufe. Ina za mu sa ƙafa?"

Maganarsa gaskiya ce. Dokar keɓe wuraren kiwo ta Jihar Arewa tun 1965 take, an kuma ware wurare irin su Ladduga a ƙasar Kaciya. Amma a nan gefen Zariya, inda gona ke manne da gona, abin da mai garke yake da shi bai wuce burtali da saura da karan gona bayan girbi ba.

Na ce masa, "Baba Ardo, ba rufewa zan yi in hana ba. Damina kaɗai nake roƙo. In rani ya yi, shanunka masu shayarwa ne za su ci." Muka tsaya a kan abu uku. Zan ja shinge baya da taki goma sha biyar daga burtali don garke ya wuce a sake. Zai ara mini shanu su kwana a kashi na uku in ruwa ya sauka. Daga Janairu kuma zan riƙa buɗe ƙofa ga waɗanda muka zaɓa tare. Mai unguwa ya shaida, aka raba goro aka shafa fatiha.

10 ga Mayu

An gama shinge. Waya mai ƙaya layi uku naira 310,000, dirkoki 85,000, ƙusa da kuɗin aiki 60,000. Tsakanin kashi da kashi ƙaya muka jera, kuɗi ba zai kai ga waya ba. Na kafa gwangwanin awon ruwa a kan turke a tsakiyar fili, yaron Baffa zai riƙa dubawa kowace safiya yana rubutawa.

17 ga Mayu

Haƙar rabin wata. Na fara ganin wannan aiki ne a ƙasar Nijar, wajen Tawa, inda suka farfaɗo da fako mai yawa da shi. Ana zana rabin da'ira mai faɗin kamar mita huɗu, bakinta na kallon inda ruwa ke gangarowa. A haƙe cikin kamar taƙi ɗaya, ƙasar da aka fitar a jera ta kunya a gefen gangare a daddaɓe. Layi na biyu kuma sai ya faɗo daidai tsakanin ramukan layi na farko, don ruwan da ya kuɓuce wa na sama na ƙasa ya tare shi.

Ƙasar ta yi tauri, fartanya ba ta yi, sai diga. Samari suka ce ba za su yi jinga ba sai dai kuɗin rami, muka daidaita a naira 700. Rami 120, naira 84,000 ke nan. Kowane rami an zuba masa kwano biyu na busasshen kashin shanu daga mashekarin Ardo. Gara za ta bi takin ta huda ƙasa, hudojin nan su ne ƙofar ruwa.

23 ga Mayu

Ruwan farko mai ƙarfi, milimita 21. Da safe ramuka duk sun riƙe ruwa, fakon waje kuwa kafin hantsi ya bushe.

1 ga Yuni

Maganar iri ta ba ni wahala. Na sayi kilo huɗu wurin wani mai sayar da kayan gona, ya rantse mini na bara ne. Na ƙirga ƙwaya 100 na shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhu a inuwa, ina yayyafa ruwa safe da yamma. Bayan mako guda ƙwaya 6 ce ta tsiro, sauran sun yi funfuna. Na mayar masa ya ce kaya sun bar shago. Naira 20,000 ta tafi.

Daga nan na nemi shawarar wani ma'aikacin sashen ciyawa a Cibiyar Binciken Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, wato NAPRI. Wurin tun 1928 ake kiwo da gwaji a cikinsa, kafin ya zama cibiya ta ƙasa a 1976 ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Ya haɗa ni da wani manomi mai tara iri, na sami kilo bakwai na nau'in Verano a naira 35,000. Ya ce wannan nau'in ya fi jure cutar da ke ƙone ganyen sauran. Ya kuma nuna mini cewa ƙwayar sitailo fatarta tauri gare ta, sai an tsoma ta 'yan mintoci a ruwan zafi wanda bai kai tafasa ba, a tsane a shanya, sannan a shuka. Da na yi haka, fiye da rabi ya tsiro a buhu.

Tsarin da nake bi ba sabo ba ne. A shekarun 1980 masu binciken ILCA, wato cibiyar binciken dabbobi ta Afirka, da ke aiki daga Kaduna sun gwada shi da makiyayan kudancin jihar, suna kiransa rumbun ciyawa. Fili hekta huɗu a kewaye, a watsa sitailo kamar kilo goma a kowace hekta tare da takin zamani na sufa, a ajiye shi sai rani, shanu masu ciki da masu shayarwa su riƙa shiga awa biyu zuwa uku a rana. Nawa ƙarami ne ƙwarai a kan nasu, amma hanyar ɗaya ce.

9 ga Yuni

Shanun Ardo sun yi 'yan kwanaki suna kwana a kashi na uku, ana matsar da su daga kusurwa zuwa kusurwa. Kofato ya farfasa ɓawon ƙasa, ga kashi ga fitsari. Wannan ya maye gurbin huɗa. Jiya bayan ruwa muka cuɗa iri da yashi muka watsa, tare da sufa buhu biyu, naira 44,000. Ƙasar nan ba ta da sinadarin fosfaras sosai, dangin wake kuwa ba sa yin kirki in babu shi.

27 ga Yuni

Ruwa ya ɗauke ƙafa. Tun 11 ga wata gwangwani bai ga ko ɗigo ba. Hadari ya haɗu a gabas, iska ta taso ta watsa shi. Masarar maƙwabta ta nannaɗe ganye, wasu sun fara maganar sake shuka, ranar Juma'a aka fita roƙon ruwa.

Sitailo ya riga ya tsiro kafin tsaikon, abin da ya sa ɓarnar ta yi yawa ke nan. Na durƙusa na bi wurin da ido. Inda ƙasa take a shafe, 'yan tsiron sun yi ja sun kwanta, ka taɓa su marmashe. Amma a cikin sawun kofato, musamman inda kashi ya rufe gefe, sai ka ga tsiro biyu ko uku a tsaye da ganyensu kore. Ramin da bai fi zurfin ɗan yatsa ba shi ya raba mai rai da matacce. A ƙiyasina kusan rabin shukar ta tafi, mafi yawa ta gefen tudu inda shanu ba su daɗe ba.

A kashi na biyu na tura yatsa cikin ramin rabin wata, har yanzu da danshi a ƙasa. Kyasuwa da gude-gude sun fito a ciki ba wanda ya shuka su, kuma ba su nuna alamar ƙishi ba. Taki uku daga nan, a kan fako, diga ma da ƙyar take shiga. Ruwa ɗaya ya sauka a wuraren biyu, wani ya ajiye wani ya zubar. Wannan ya ƙara mini ƙarfin zargin da na fara da shi. Tsaikon mako biyu a watan Yuni ba baƙon abu ba ne a nan, ƙasa mai rufi tana ɗaukarsa, ƙasa tsirara ce ke mayar da shi fari.

Ardo ya zo da yamma ya tsaya a bakin waya. Shanunsa sun rame, ciyawar burtali ta ƙare, ga kore yana gani a cikin ramuka. Bai roƙa ba, ni ma ban yi tayi ba, amma abin ya tsaya mini a rai. Na aika masa da buhun dusa biyu daga gida.

2 ga Yuli

Alhamdu lillahi, ruwa ya dawo, milimita 34 a dare ɗaya. Mun sake watsa kilo uku a wuraren da suka mutu, naira 15,000.

9 ga Yuli

Dashen gamba. Irinta mai gashi ne, iska ke kwashe shi kuma ba ya tsirowa sosai, don haka tushe muka nema. Wani dattijo mai gamba a iyakar gonarsa ya yarda mu tsaga. Kowane gindi a raba shi uku ko huɗu da saiwarsa, a datse ganyen, a dasa a jikin kunyar rami ta ciki. Mota da 'yan aiki naira 30,000.

21 ga Yuli

Yau na buɗe wa shanu kashi na uku, Ardo ya yi ta mamaki. "Malam, ba kai ka ce sai rani ba?" Na ja shi ciki na buɗa ciyawa da hannu. Harkiya da kyasuwa sun taso sun kai gwiwa saboda takin da shanu suka bari, sitailo na ƙasa a inuwa ya yi siriri. Shi jinkirin tashi gare shi, in aka bar ciyawa ta rufe shi sai ta kashe shi. A wannan lokaci kuma saniya ta fi son ɗanyar ciyawa, ba ta cika kula sitailo ba. Muka sa shanu goma na ɗan lokaci da safe, yaronsa na tsaye, da suka sassabe saman aka fitar da su. Za a maimaita in ciyawar ta sake rufewa. Kashi na ɗaya da na biyu kuwa ba a taɓa ba.

Ardo ya ce mahaifinsa ma ba ya barin garke ya daɗe a wuri ɗaya da farkon damina, sai dai a lokacin akwai dajin da za a matsa.

4 ga Agusta

Cirar tafasa da hannu kafin ta yi 'ya'ya. Matan gidan Baffa sun kwashi ganyen na kwaɗo.

18 ga Agusta

Marka ta zauna. Daren Laraba aka yi milimita 68, ruwa ya taho daga gonakin sama ya haɗu a wata tsohuwar hanyar shanu, ya faɗo wa layin farko na ramuka da ƙarfi. Kunya goma sha ɗaya ta ɓalle, kuma duk wadda ta ɓalle sai ta tura wa ta ƙasa ruwan da ya fi ƙarfinta. Gamba da aka dasa a waɗannan ta tafi da ƙasar. Wani ɗan kwazazzabo ya fara buɗewa a gefen gabas, zurfinsa ya kai gwiwa.

Waɗanda gamba ta riga ta kama a jikinsu ba su motsa ba. Mun jera duwatsun marmara a saman filin, layi ɗaya a kan gicciye, don ruwa ya rage gudu kafin ya iso. Kunyoyin da suka karye an gyara, an sa dutse a kunnuwansu inda rarar ruwa ke fita. Kwazazzabon mun cusa masa buhunan ƙasa da ƙaya. Dutse da aiki naira 20,000.

Sai kuma gara. Ita da nake murna da aikinta a ramuka ta cinye gindin dirkoki da dama, wasu da hannu ma sai su faɗi. An sauya su, an shafa wa gindin baƙin mai, naira 25,000. Tsakanin dirka da dirka na sa an dasa bini-da-zugu da dashi, nan gaba su zama shinge mai rai.

31 ga Agusta

An wayi gari waya a kwance ta kudu, an cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gambar da ta fara tofo, an tattake ramuka. Kafin in iso labari ya gama ƙauye cewa shanun ruga ne. Har wasu samari sun fara maganar zuwa can. Na roƙe su su dakata, muka bi sawu ni da Baffa. Sawun manya ne guda biyu kacal, babu na maraƙi ko ɗaya, kuma bai nufi arewa ba, cikin gari ya shiga. Shanun huɗar wani maƙwabci ne, yaron da ke kiwonsu ya bar su ya tafi wasa.

A gaban Mai unguwa mai shanun ya ce, "Ranka ya daɗe, kuskuren yaro ne, a yi mini afuwa." Ban karɓi kuɗi ba. Shi da 'ya'yansa suka ɗaga waya suka gyara kunyoyi. Abin da ya fi tayar mini da hankali saurin da aka yi wajen ɗora wa Ardo laifi, mutumin da ya riƙe alkawari lokacin da shanunsa ke rama. Na je rugar da kaina na faɗa masa yadda aka yi kafin ya ji a bakin wani.

Gambar da aka cinye na daddatse ta daidai, tunda saiwa na nan za ta sake fitowa.

15 ga Satumba

Kashi na ɗaya ya ba ni mamaki. Ba shuka ba taki, amma kyasuwa da harkiya da kiri-kiri sun rufe wurare da yawa, sai tsakiyar fakon ce har yanzu a buɗe. Iri yana nan a ƙasa ashe, dama yake jira.

Na tono gindin sitailo ɗaya na wanke saiwar. Ga 'yan ƙulli a jikinta kamar ƙwayar gero, na fasa ɗaya da farce cikinsa ja-ja. A nan ƙwayoyin halittar da ke jawo sinadarin naitirojin daga iska suke, jan kuma alamar suna aiki ne. A inda shanu suka kwana kuma na ga 'yan tsiron gawo, daga 'ya'yan da suka ci suka kasayar. Na kewaye su da ƙaya. Gawo na zubar da ganye da damina, ya yi ganye da 'ya'ya da rani lokacin da dabba ta fi bukata. Manoman Maradi tun shekarun 1980 suke rainon irin waɗannan tsiro da kututture a gonakinsu maimakon sassabewa.

6 ga Oktoba

Awo. Na sa kafinta ya haɗa mini firam na katako mita ɗaya kowane gefe, na sayi ƙaramin sikeli naira 9,000. A kowane kashi sai in juya baya in jefa firam, inda ya faɗa a yanke duk abin da ke ciki da lauje, a shanya har nauyinsa ya daina raguwa, a auna. Wuri goma-goma na ɗauka na raba.

Wajen shinge giram 35. Kashi na ɗaya 140. Na biyu 290. Na uku 330. Giram 100 a mita ɗaya daidai yake da tan ɗaya a hekta, kowane kashi kuma kamar hekta 0.7 ne, don haka duka filin ya tara busasshiyar ciyawa tan biyar da ɗan ɗori. Rabi za a ci, rabi a bar wa ƙasa ya rufe ta ya kuma zubar da iri. Saniya mai kilo 250 tana cin kamar kilo shida da kwata na busasshen abinci a rana, kusan kilo 190 a wata. Ke nan in da wannan kaɗai za su dogara, shanu huɗu ne na wata uku da rabi.

Da na faɗa wa Ardo ya ce garkensa a mako biyu zai share shi. Haka ne. Shi ya sa ba garke za a sa ba, kuma ba don cika ciki ba. Ciyawar daji in ta bushe da rani sinadarin gina jiki da ke cikinta yakan faɗo zuwa kashi 2 ko 3 cikin 100, saniya kuwa tana bukatar kamar kashi 7 kafin ma cikinta ya iya sarrafa abin da ta ci. Shi ya sa za ka ga dabba na cin kara tana ramewa. Sitailo da harawa suna riƙe da fiye da haka, ɗan kaɗan a rana sai ya taimaka mata ta ci moriyar sauran.

20 ga Oktoba

Ruwa ya yi sallama. Mun yanki kyasuwar kashi na ɗaya da na biyu layi-layi, ana yanka ɗaya ana barin ɗaya. An shanya, an ɗaure dami, an ɗora a rumfa sama da ƙasa saboda gara. Yanka da rumfa naira 55,000. Ingiricin ya fito da ɗan korensa da ƙamshi. Gamba ban taɓa ta ba bana, so nake ta zubar da iri ta kuma ƙarfafa gindi.

7 ga Nuwamba

Iskar hunturu ta fara, masu farautar gafiya kuma sun fara cinna wa saura wuta. An share faɗin taki shida kewaye da shinge har ƙasa, muka ƙone abin da aka share da sassafe kafin iska ta tashi. Naira 15,000. Yaran Ardo za su riƙa leƙawa ta arewa, gidan Baffa ta kudu.

Jimillar abin da aka kashe naira 807,000, kuma 480,000 daga ciki shinge ne da gyaransa. Wannan shi ne abin da zai hana talaka kwaikwayo, don haka baɗi zan gwada wani ɗan fili a waje ba waya, da yarjejeniya kawai a gaban Mai unguwa, tunda maƙwabta biyu sun nuna sha'awa.

A Disamba za mu share ƙasan sitailo mu tara irin da ya zuba, mu kuma karkaɗe kan gamba. Daga farkon Janairu shanu takwas da muka zaɓa da Ardo, biyar masu shayarwa uku masu ciki, za su riƙa shiga kashi na uku awa biyu da safe kafin su bi garke. Matarsa ta yarda za ta riƙa auna nonon da ake tatsa da ƙwarya ɗaya, na waɗannan daban na sauran daban. Ingirici sai Maris za a buɗe shi. A Afrilu, in Allah ya kai mu, za a haƙa ramuka a tsakiyar fakon kashi na ɗaya, a kuma ƙara layin dutse na biyu a saman kwazazzabon gabas.